Yauƙin da ke kwana a jarkar madara

Wanda ya bi titin Kano zuwa Gwarzo da sanyin safiya, ya wuce Rimin Gado ya faɗa ƙasar Kabo, zai ga sana'ar nono iri biyu na tafiya a gefen kwalta ɗaya. Ga matan Fulani sun ɓullo daga rugage, ƙwarya bisa kai an rufe ta da faifai, sun nufi kasuwa da kindirmo da man shanu. Ga kuma samari a kan babura, an ɗaure jarkoki a baya, suna sheƙa gudu da ɗanyar madara don su kai ta ga mai saye kafin rana ta take.

Ta farkon sana'ar kaka da kakanni ce. Ta biyun kuwa ba ta daɗe ba. Masu haɗa yogot a cikin gari da kamfanonin madara na Kano ne suka kawo ta, kuma ita ce hukuma ke ta zuba wa kuɗi a yanzu. Bambancinsu bai tsaya a ƙwarya da jarka ba. Mai ƙwarya tsami take nema, don shi take sayarwa. Mai jarka kuwa tsami ne asararsa: da zarar madara ta soma juyawa mai saye ya ƙi karɓa, wahalar ranar ta tafi a banza.

Madarar kuma takan juya ɗin. A wurin karɓar madara ana ɗiban 'yar kaɗan a haɗa da sinadarin gwaji, ko a ɗora cokali guda a wuta. In ta guntse, magana ta ƙare. Daga nan sai neman wanda za a ɗora wa laifi. Wani ya ce zafin rana ne, wani ya ce nisan hanya, don daga Gwarzo zuwa birnin Kano kusan kilomita 70 ne. Wani ya zargi mai tatsa da ƙara ruwa, wani ya ce saniyar ce ba ta da lafiya. Duk waɗannan na faruwa. Amma akwai mai laifin da ba a cika kiran sunansa ba, alhali tare ake tafiya da shi kullum a bayan babur. Yana manne a bangon jarkar, kuma wankin jiya bai taɓa shi ba.

Garin ƙwayoyi mai ganuwa

Masana na kiran abin bayofim. Kowa ya san shi, ko da bai san sunan ba. Shi ne santsin da yatsa ke ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, shi ne kuma farin dattin da ke taruwa a gindin haƙori. A haƙorin ma aka fara ganinsa. A 1683 wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa ya ga ƙananan halittu rututu suna motsi. Sai da aka yi kusan shekaru ɗari uku kafin a gane cewa wannan ce rayuwar da ƙwayoyin bakteriya suka fi so. A 1978 masanin ƙasar Kanada William Costerton da abokan aikinsa suka bayyana cewa galibin ƙwayoyin ba yawo suke yi ɗai-ɗai a cikin ruwa ba, manne suke a jikin abubuwa cikin wani danƙo da suke yi wa kansu. Cikin wuraren da suka lura da haka har da tumbin saniya, inda ƙwayoyi ke liƙe wa ciyawa suna narkar da ita.

A kayan madara kuwa ga yadda abin ke tafiya. Cikin 'yan mintoci da madara ta taɓa roba ko ƙarfe, furotin da maiƙonta sun bar wani siririn shafi a jiki. Ido ba ya ganinsa, amma ya ishi ƙwayoyin su sami wurin kamawa. Da farko riƙon bai da ƙarfi, ɗauraya mai kyau za ta tafi da su. Idan aka bar su suka ɗauki sa'o'i, sai su fara fitar da wani yauƙi mai haɗe da sukari da furotin, su lulluɓe kansu da shi, su hayayyafa a ciki. Daga nan sun zama gari mai ganuwa: na bakin ƙofa ne ke shan wahalar duk maganin da aka watsa, na ciki suna zaune lafiya, har da 'yan hanyoyin da abinci ke bi ya isa gare su. Gwaje-gwaje sun nuna ƙwayoyin da ke cikin wannan lulluɓi na iya jure maganin kashe ƙwayoyi ninki goma, wani lokaci har ninki dubu, fiye da 'yan'uwansu masu yawo a sarari. In wurin ya cika, sai wasu su ɓalle su bi madarar da aka zuba yau.

Lissafin abin da ke biyo baya ba mai daɗi ba ne. Madarar da ta fito daga hantsar lafiyayyar saniya ba ta da ƙwayoyi masu yawa, kuma tana da kariyar halitta da ke riƙe ta awa biyu zuwa uku. Bayan nan, a irin zafin watan Afrilu na ƙasar Kano da ke kai digiri 40, wasu ƙwayoyin kan ninka kansu duk minti 20. Guda ɗaya, in ta sami yadda take so, ta haura miliyan 2 cikin awa 7. To ina ga jarkar da ta tarbi madarar safe da miliyoyin da suka kwana a bangonta? Irin wannan madara tun a ruga ta fara lalacewa, gudun babur ba zai cece ta ba.

Akwai kuma wani abu da ke ba yauƙin mafaka, wato kantar madara. Wannan farin ɓawo ne da gishirin kalsiyam da furotin ke haɗuwa su yi, musamman a inda ake dafa madara, ko inda ake wanki da ruwa mai zartsi. Mai haɗa yogot zai gan shi a gindin tukunyarsa. Yana da kaushi da ƙananan ramuka, sabulu kuma ba ya cin sa.

Me ya sa ƙwarya ta tsira, jarka ta kasa

Mai karatu zai iya cewa, ai ƙwarya ta fi roba ramuka, kuma shekaru aru-aru ana shan nonon cikinta. Gaskiya ne. Ƙwarya ma tana da nata yauƙin, sai dai nata mafi yawa na gida ne. Ƙwayoyin da ke zaune a jikin tsohuwar ƙwaryar nono galibi masu sa tsami ne, irin waɗanda ke cinye sukarin madara su mai da shi asid. Su ne ke kama sabuwar madara su kwantar da ita ta zama kindirmo, tare da ɗan ragowar nonon jiya da akan zuba. Da tsami ya kama sosai, yawancin ƙwayoyin ruɓa da na cuta ba sa iya hayayyafa. Ga kuma yadda Bafulatana ke riƙe ƙoranta. Bakin ƙwarya a buɗe yake, hannu da soso na kai wa ko'ina. A cuɗe ta, wani lokaci da toka, a ɗauraye, a kife ta a kan rumfa rana ta gasa ta har ta bushe ƙayau. Bushewa da hasken rana na daga cikin abubuwan da yauƙin ya fi ƙi.

Ba wai an wanke ƙwarya tas ba ne. Tsami ba ya kashe komai. Ƙwayar tarin fuka ta shanu da ta bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari kuma ta sa wa mutum zazzaɓi mai naci, na iya daɗewa a nonon da ba a tafasa madararsa ba. Nazarce-nazarcen da aka sha yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano sun sha samun ƙwayoyin da ke nuna ƙazantar hannu ko ta ruwa a nonon kasuwa. Mai saye da ke tambayar "Adda, na yau ne?" ya fi kyau ya tambaya ko an dafa. Duk da haka tsarin ƙwarya tsari ne da ya dace da abin da yake samarwa.

Jarka kuwa ba don madara aka yi ta ba. Mafi yawa sun gama aikinsu na ɗaukar man gyaɗa ko manja kafin su faɗo hannun mai madara. A ɗauki ɗaya a duba da kyau. Bakinta bai wuce faɗin da yatsu uku za su shiga ba, hannu ba ya wucewa. Mariƙinta rami ne da ke haɗe da cikinta, madara na shiga ta kwanta a can, ba buroshin da zai lanƙwasa ya kai. Kafaɗunta na da lungu, gindinta na da kwarmi, murfinta na da zare-zare. Abin da ake kira wanki shi ne a zuba ruwa da garin sabulu a jijjiga, mai ƙoƙari ya ƙara yashi ko tsakuwa. Yashin na kankare wani abu, amma yana karce robar, kuma kowane karce sabon maɓoya ne. Sannan a rufe murfi da sauran danshi a ciki, a ajiye a ɗaki mai zafi har gobe. In ana neman wurin kiwon ƙwayoyi, da wuya a sami wanda ya fi wannan.

Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. A buɗe jarkar da aka ce an wanke, bayan ta kwana a rufe, a kai hanci. Wannan ɗan warin ƙarni da tsami ba na roba ba ne. A sami wadda ta tsufa a tsaga ta da wuƙa a dubi cikin mariƙin.

Shi ya sa hukumomin madara a Kenya da Yuganda suka hana jigilar madara a jarkar roba, suka ce sai gwangwanin alminiyam ko na silba marar tsatsa. Da yake gwangwanin na da tsada, an ma ƙera wani mazubin roba mai lita 10 da ake kira Mazzican, mai faɗin baki yadda hannu zai shiga har gindi. Dabarar duk ɗaya ce, wato kada a bar wani lungu da soso ba zai kai ba.

Ƙarfe mai ƙyalli ba ya wanke kansa

Maganar ta ƙara nauyi ne saboda inda harkar madara ta dosa. Jami'an gwamnati sun sha faɗin cewa Najeriya na kashe kimanin dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara. A 2024 aka ƙaddamar da manufar ƙasa kan harkar madara, aka kuma kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. A Kano, shirin bunƙasa noma da kiwo na KSADP, mai dala miliyan 95 da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa, ya sa gina cibiyoyin tara madara masu aiki da hasken rana cikin manyan ayyukansa. Kamfanoni irin su L&Z sun daɗe suna karɓar madara daga hannun makiyaya. Yanki irin na Gwarzo da Kabo, mai rugage da madatsun ruwa da titin da ya miƙe har birni, yana cikin wuraren da wannan kasuwa za ta fi nema.

Sai dai saniyar Bunaji a kiwon gargajiya lita ɗaya zuwa biyu take bayarwa a rana. Kafin a cika tanki sai an haɗa madarar gidaje da yawa, kuma jarka ɗaya mai datti ta isa ta ɓata ta kowa.

Mutane da yawa na ɗauka cewa da an zuba madara a tankin silba mai sanyi an tsira. Sanyi na rage gudun ƙwayoyi, shi ya sa ake son a saukar da madara zuwa digiri 4 cikin 'yan sa'o'i da tatsa. Amma akwai masu son sanyin. Dangin Pseudomonas, waɗanda kan shigo ta ruwan wanki, suna yin yauƙinsu a jikin tanki mai sanyi, suna fitar da sinadaran da ke farfasa furotin da maiƙo. Dafawa na kashe ƙwayar, amma sinadaran nan na tsallake har zafin da ake yi wa madarar kwali, daga baya a ji ɗaci ko warin ɓaci a yogot, a rasa dalili. Dangin Bacillus kuma idan sun ji wuya sukan dunƙule su zama iri mai taurin ɓawo, wanda dafawar ƙa'ida, ta digiri 72 na daƙiƙa 15 ko digiri 63 na minti 30, ba ta kashewa. Ita kuwa Listeria a magudanar ruwa da ƙasan injin take zama, tana hayayyafa ko a cikin firij, kuma mata masu ciki da jarirai da tsofaffi ta fi yi wa illa.

Wuraren da suke ɓuya a cibiya sanannu ne. Ba faffaɗan cikin tanki ba ne, don nan kowa ke gogewa. Bawul ɗin da madara ke fita ta gindi ne, da zoben robar da ke tsakanin bututu da bututu, da ƙarƙashin fukafukan abin motsawa, da tiyon da aka naɗe da ruwa a ciki, da guntun bututun da aka toshe ƙarshensa ba abin da ke ratsa shi, da tabon waldar da ba a goge ba. Da tsumman tata, wanda ake matsewa a rataye a ƙusa.

Kada a ce wannan matsalar talaka ce. A watan Agustan 2013 kamfanin Fonterra na ƙasar Niyu Zilan, ɗaya daga cikin manyan masu fitar da madara a duniya, ya sanar cewa tan 38 na garin furotin da aka yi a masana'antarsa ta Hautapu na iya ɗauke da ƙwayar da ke haddasa shanyewar jiki. Ƙasar Sin ta dakatar da shigo da wasu kayan, aka kwashe madarar jarirai daga kantuna a ƙasashe da dama. Daga baya gwaji ya nuna wata 'yar'uwarta ce marar dafi, amma ɓarna ta riga ta faru, har a 2017 aka umarci kamfanin ya biya Danone na Faransa yuro miliyan 105. Asalin duk wannan shi ne wani bututu da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, aka ɗauko aka haɗa ba tare da an wanke shi yadda ya kamata ba.

Labarin Japan ya fi kusa da gida, don da ɗaukewar wuta ya fara. A watan Maris na 2000 wuta ta ɗauke na kimanin awa uku a masana'antar Snow Brand da ke Taiki a tsibirin Hokkaido. Madara ta zauna da ɗumi, ƙwayar Staphylococcus ta hayayyafa ta zuba dafinta. An dafa madarar an mai da ita gari, ƙwayar ta mutu, dafin bai mutu ba. Da aka yi amfani da garin a masana'antar kamfanin ta Osaka, fiye da mutum 13,000 suka kamu da amai da gudawa. Masu bincike sun kuma tarar da bawul ɗin da ba a wanke shi bisa ƙa'ida a Osakan. A Amurka ma, a 2015, an gano Listeria a masana'antun askirim na Blue Bell bayan mutum 3 sun mutu a jihar Kansas, kuma binciken ƙwayar ya nuna ta fara kwantar da mutane tun 2010. Idan awa uku babu wuta ta yi wannan a Japan, mai kula da tanki a Gwarzo ko Kabo ya san abin da daren da batir ya mutu ke nufi.

Wankin da ke cin yauƙi

A 1959 wani masanin sinadarai Bajamushe, Herbert Sinner, ya taƙaita harkar wanki a abubuwa huɗu: lokaci, zafi, sinadari da guga. In ɗaya ya ragu, dole sauran su ƙaru. Wanda ba shi da ruwan zafi sai ya daɗe yana gugawa. Wanda hannunsa ba ya kai wa ciki sai ya dogara da sinadari da ƙarfin gudun ruwa.

Matakin farko shi ne wanda aka fi kuskurewa, kuma da kyakkyawar niyya. Mace mai tsabta za ta ga ba abin da ya fi tafasasshen ruwa, sai ta sheƙa shi a bokitin da aka juye madara. Zafin nan dafa furotin yake yi ya liƙe a jiki, ya zama harsashin kanta. Ruwan sanyi kuma daskarar da maiƙo yake yi. Abin da ake so shi ne ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 38 zuwa 45, wanda hannu zai iya zama a ciki. A ɗauraye da shi nan take da an juye madara, kafin ta bushe, har sai ruwan ya fito garau. Jarkar da aka juye da ƙarfe tara aka bari sai la'asar ta riga ta ba ƙwayoyi duk lokacin da suke buƙata.

Bayan nan sai ruwan zafi da sabulu mai kaifi, wanda ke narkar da maiƙo da furotin, tare da buroshi. A nan ne ganuwar ke rushewa, kuma ba abin da ke maye gurbin guga. Amma ban da soson ƙarfe, don yana karce silba da roba. Sabulu mai turare ma a bar shi, madara na ɗaukar ƙamshi. Ana so kowane buroshi ya zama na madara kaɗai, a sami dogo siriri na bawul da tiyo. Duk abin da ke kwancewa a kwance shi: murfi, zoben roba, kan famfo. Zoben da ya tsattsage a yar, ba ya wankuwa.

A manyan masana'antu, inda ba a iya kwance bututu kullum, injin ne ke zagaya ruwan wanki a ciki. Akan sa soda mai ƙuna, irin wadda masu haɗa sabulu suka sani, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, a zafin digiri 65 zuwa 80, a tura ta da gudun da bai gaza mita 1.5 a daƙiƙa ba don ruwan ya riƙa tumbatsa yana gugar bango. A ɗauraye, sannan a bi da asid, galibi naitirik, rabin kashi zuwa kashi 1 cikin ɗari, don ya narkar da kanta. Wannan sodar ba ta wankin hannu ba ce. Tana ƙona fata, tana makantarwa, tana kuma cinye alminiyam, don haka mai gwangwanin alminiyam ya nisance ta. Mai ƙaramar sana'a na iya cire kanta da garin sitirik da masu haɗa lemo ke saye, ko ruwan kal, sau ɗaya ko biyu a mako.

Sai a ƙarshe maganin kashe ƙwayoyi ke shigowa, kuma jerin na da muhimmanci. Kulorin da aka zuba a kan datti, dattin ne ke shanye ƙarfinsa, na cikin yauƙi ko a jikinsu. A kan wankakken abu kuwa kaɗan ya isa: cokalin shayi guda na bilic marar turare mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi 'yan mintoci, a tsiyaye. Kada a bar shi ya kwana a silba, yana huda ta da ƙananan ramuka. Kada kuma a kuskura a haɗa shi da asid, hayaƙin da ke tashi guba ne. Inda babu bilic, yanzu ne lokacin tafasasshen ruwan nan ya yi, bayan an gama cuɗa. Tsumman tata kuwa a tafasa shi kullum.

Daga nan a kife komai a kan maratayi, sama da ƙasa, baki a buɗe, a bar iska da rana su busar. Kada a goge da tsumma. A wannan gaɓar injiniya bai fi Bafulatana sani ba.

Ido ma na iya duba aikin. A watsa ruwa a jikin silba. In ta wanku, ruwan zai shimfiɗu ya gangara bai ɗaya. In ya tsaya ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo. In bayan ta bushe aka haska tocila aka ga wani shuɗi-shuɗi mai kama da bakan gizo, furotin ne ya rage. Fari mai kama da alli kuwa kanta ce.

Duk wannan ya rataya ne a kan ruwa. Wankin ƙarshe da ruwan kududdufi ko na bakin dam mayar da hannun agogo baya ne, don sabbin ƙwayoyi aka zuba a kan abin da aka wanke. Da rani, matar da ta yi tafiya mai nisa ta ɗebo ruwan sha da na girki ba za ta zubar da rabinsa a jarka ba, ba kuma za ta ƙona itacen tuwo wajen dafa ruwan wanki ba. Ba ƙazanta ba ce, lissafi ne. Shi ya sa wankin mazubi ya fi dacewa ya zama aikin cibiya: mai kawo madara ya juye, a wanke masa gwangwani a nan take da ruwan zafi, ya koma da shi a bushe. Ranar da ke ba tanki wuta za ta iya dafa ruwan, don tukunyar ruwa mai aiki da hasken rana ba ta kai tankin tsada ba.

Sai kuma farashi. Muddin kuɗin lita ɗaya ne ga mai tsabta da marar tsabta, ba wanda zai sayi buroshi. Ƙungiyoyin madara na Indiya, tun daga ta Anand da aka kafa a 1946, sun ginu ne a kan gwada madarar kowa a gabansa a biya shi gwargwadon ingancinta. A nan ma ƙarin 'yan nairori ga wadda madararta ke tsallake gwaji kullum zai yi abin da taron wayar da kai goma ba zai yi ba.

Ranar buɗe cibiya, tanki ake ɗauka hoto, da faifan sola, da manyan baƙi. Wurin wanki ba ya shiga hoto, sau da yawa ba ya shiga kasafin kuɗi ma. Don haka duk ƙungiyar makiyaya ko ta mata da za a miƙa wa makullin cibiyar madara a Gwarzo ko Kabo, ta tambaya kafin ta karɓa: ina rijiyar burtsatse, ina abin dafa ruwa, ina za a sayi buroshi da zoben roba in waɗannan sun ƙare, kuma wa zai biya mai wanki a ƙarshen wata.